Ɗan Farina da Ƙarin Saman Ƙoda

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare a Gummi ba, amma abin da na gani a jinyar ɗan farina ya fi ƙarfin in bar shi a cikina. Duk wadda ta haifi jariri ƙato ana ta yi mata barka, ta ɗan saurara ta ji nawa.

Sunana Rakiya. 'Yar Abare ce ni, aure ya kai ni Bukkuyum gidan mahauta. Mijina Sahabi yana da teburin nama a kasuwa. Uwarsa, Inna Tumba, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta Usmanu, wanda aka ce a zamaninsa ɗan dambe ne da ake kaɗa wa kalangu har ƙasar Gummi. Da na haifi namiji sai aka mayar da sunan marigayin. Kun ga kenan mu uku a gidan babu mai iya faɗin sunan yaron. Inna sunan mijinta ne, sai ta ce Maigidana. Sahabi sunan ubansa ne, sai ya ce Baba. Ni kuwa kunyata biyu, ga ɗan fari ga sunan suruki, in zan yi maganarsa sai in ce yaron Inna. Mutanen waje ne kaɗai ke kiransa Usmanu.

A wajenmu uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta ƙura masa ido, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye shi Inna ta ɗauke shi ya koma ɗakinta, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci. Da bakinsa ya buɗe sai ya riƙa ce mata Inna, ni kuma Adda, kamar wata yayarsa da ke zaune a gidan. Ban ga aibin hakan ba, haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa kakata.

Haihuwarsa ta kusa kai ni lahira saboda girmansa. Harshensa ya cika bakinsa har yana leƙowa, cibiyarsa ta turo waje kamar ƙwan zabo, kuma kwanakin farko barci yake yi mai nauyi, sai an mintsine shi yake kama nono, wani lokaci jikinsa na ɓari. Inna ta ɗaure cibiyar da tsumma da tsohon kwabo, ta ce harshen alamar mai faɗa a ji ne. Da ya fara zama aka lura hannunsa na dama ya fi na hagu kauri, ƙafar ma haka. To a gidan mahauta wa zai kira wannan ciwo? Abokan Sahabi suka riƙa ɗaga hannun a zaure suna shewa, wai tsoho ne ya dawo da hannun dambensa. Har wani makaɗi ya yi masa kirari a bakin kasuwa tun bai iya tafiya ba. Ni ma daɗi nake ji, sai dai in sunkuyar da kai kamar da wani ake.

Yana cikin shekara ta uku abubuwa suka fara sauyawa. Muryarsa ta yi kauri, in yana kuka a bayan gida sai ka ce yaro ne ɗan makarantar firamare. Ƙuraje irin na samari suka feso masa a goshi, fuskarsa ta yi zagaye, ya riƙa warin hammata. Ga faɗa, yaran unguwa gudunsa suke. Maza suka ce ai jinin dambe ne ke tashi. Wata rana ina shanya na hango Inna ta kai shi bayan rumbu tana masa wanka, inda ba a saba ba, da reza a hannunta. Na ga abin da take aske masa a inda yaro ɗan shekara uku bai kamata a ce yana da gashi ba. Daga ranar ta sa masa dogon wando da babbar taguwa ko da ana zafi. Amma da wane baki zan ce na gani? Wadda ta gani ai kallo take yi, kallon kuwa shi aka hana ni.

Ranar kasuwa da hantsi ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, idanunsa suka juye, kumfa na fita. Na yar da taɓarya na yi kansa, Inna ta riga ni, na tsaya a bayanta. Kafin azahar gida ya cika da masu shawara. Wannan ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Wannan ya ce bakin mutane ne, an cika yabon yaron. An sha rubutu, an yi turare, an shafa man shanu. Washegari babana ya zo kan babur daga Abare, ya ji bayani, ya ce kada mu yaudari kanmu, dalma ce. Ba da daɗewa ba mun je biki can, yaron ya yi wasa a ƙasar da ake niƙa dutsen zinariya. Mu 'yan Abare in yaro ya yi jijjiga ba ma tunanin komai sai gubar dalma, don mun binne yara da yawa saboda ita, har da ƙanena.

Muka kama hanyar Anka, mu huɗu da Inna. Tafiya a ƙasarmu yanzu sai rana ta ɗaga, sai direbobi sun tambayi na gaba ko hanya na da kyau, don 'yan bindiga. A asibitin da muka je layi ya kai bakin ƙofa, mata da yara a kan tabarmi. Aka ɗebi jininsa muka zauna jira. Da sakamako ya fito aka ce akwai dalma kaɗan, amma ba ta kai ta kayar da yaro haka ba. Ban yi murna ba, don dalma dai mun san ta, mun san tana da magani. Wata nas mai haƙuri, Allah ya saka mata, ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake wani ta ɗaura a ɗaya hannun, sannan ta tafi ta kira likita. Wai hawan jini. Inna ta yi dariya ta ce hawan jini ai nata ne da sa'o'inta, mi ya haɗa shi da Maigidanta? Aka ba mu ƙwayoyi, aka ce lallai a yi hoton ciki.

Mako na gaba a gida ya ƙare, ana neman kuɗi ana gardama. Inna ta ce tun da ba dalma ba ce to baki ne, asibiti ba ta da abin yi. Sai da ya sake faɗuwa, har ya ciji harshensa jini ya ɓata taguwar, sannan Sahabi ya sayar da ragon da yake kiwo muka nufi Gummi. Mai hoton ya shafa masa wani ruwa mai sanyi a ciki, yana ta zagayawa da abin a wuri ɗaya, ya daina hirar da yake yi mana. Ya ce yana ganin wani ƙari a saman ƙodar dama, ba a cikinta ba, a kan wani ɗan abu da suke kira adirina. Sahabi ya ce ya san shi, in ya feɗe akuya yana ganinsa a cikin kitse kamar ƙwayar wake, jefa wa kare yake yi. Mai hoton ya ce to na yaronku ya kai lemun tsami babba, kuma shi ba zai iya cewa ruwa ne ko tsoka ba, daji ne ko ba daji ba, sai Sakkwato. Kalmar daji ita kaɗai ta zauna a kunnena har muka iso gida.

A Sakkwato muka sauka a babban asibiti, muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro tare da sauran masu jinya. Kafin mu ga likita sai da muka yi layin kati, muka yi layin biya, muka sake wani layin, aka ce mu dawo ranar da masu duba yara ke zama. Ranar ta zo, wani matashin likita ya karɓe mu da mutunci, ya fara tambaya daga haihuwa. Inna ce ke amsawa, don ita ke rungume da yaron.

"Lahiya lau anka haihe shi, cikakken mutum. Abin ga kwanan nan yas same shi."

Ya tambayi hannun, ta ce gado ne, haka kakansa yake. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Na san ba gaskiya ta faɗa ba, kuma na san dalilinta. A ganinta a ce jikan da ke ɗauke da sunan mijinta an haife shi da tawaya, a rubuta a takarda, tonon asirin gida ne. Likitan ya rubuta abin da aka gaya masa. Ya jero mana awon jini, da tara fitsarin yini guda a jarka, da babban hoto wanda ake shigar da mutum cikin inji.

Nan makonni suka fara tafiya. Wani awon a nan ake yi, wani sai an aika jinin wani gari. Injin hoton layinsa ba na yau ba ne, in an kai kanka kuma wuta ta ɗauke. Sahabi yana zuwa yana komawa Bukkuyum, duk zuwa da abin da ya rabu da shi, har saniyar da babana ya ba ni ta tafi. Yaron kuwa kullum baya yake yi. Sai ya riƙe kansa da hannu biyu yana kuka da wannan muryar tasa mai kauri, ya yi amai, ya ce ba ya ganin Inna sosai. Aka ba mu gado. Ina zaune a ƙarshen gadon ina wankin tsummokaransa, Inna na gefen kansa, masu jinyar ɗakin duk sun ɗauka ni 'yar rakiya ce. Wata ma ta taɓa tambayata ina uwar yaron, na ce tana nan. Na fita bayan famfo na yi kuka har na gode Allah.

Da babban hoton ya fito likitoci suka rabu. Wasu na ganin ƙarin daga tsakiyar adirinar ya taso, wasu na ganin daga ɓawonta, kuma kowanne hanyar maganinsa daban. Tun da awon jinin bai dawo ba, yaron kuma na neman ƙarewa, sai aka sa rana za a soka allura a ɗebo ɗan yanki a duba. Mu dai abin da aka ce mu sa hannu mu sa.

Ana gobe za a yi, da safe, babbar likitarsu ta zo zagaye da ɗalibai a bayanta. Mace ce mai furfura, Hausarta ta Kano, ba ta da yawan fara'a. Ta karanta takardu, ta dubi yaron, ta ce a cire masa taguwa da wando. Inna ta so ta yi gardama, wata nas ta riga ta cire su. Likitar ta haɗa tafukansa biyu ta gwada, ta miƙe ƙafafunsa, ta taɓa cibiya, ta sa ya fito da harshe, ta juya kunnuwansa tana duban wasu 'yan tsagu da ni kaɗai na ɗauka na san da su. Ta ga inda aka aske. Sannan ta tambayi Inna ko an haife shi da babban harshe, Inna ta ce a'a.

Likitar ta ja kujera ta zauna. Ta ce ba don son jin sirrin gidanmu take tambaya ba. Akwai wata halitta da ake haihuwar yaro da ita, jikinsa ya riƙa girma fiye da kima, wani sashe ya fi wani. Ta faɗi sunanta, sunan Turawa biyu ne, bai zauna a bakina ba. Irin waɗannan yaran ƙari na fito musu a ƙoda, a hanta, da kan adirina. In yaron nan yana cikinsu, ga gashi ga murya, to ƙarin daga ɓawon yake, kuma irinsa ba a soka masa allura, don yana iya fashewa ya watsu a ciki, sai dai a ciro shi ɗungurungum. In kuwa kwanan nan komai ya fara, to lissafin daban ne. Ta ɗaga kai ta tambayi wace ce ta haife shi.

"Ni ar riƙe da shi," in ji Inna.

"Na ji, Inna. Wadda ta haife shi nake tambaya."

Sahabi na tsaye jikin bango, ɗalibai sun zuba ido. Na dubi yaron, ya lumshe ido yana nishi, na tuna gobe warhaka allurar na cikinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ni na," na ce. "Da harshen anka haihe shi, bakinai bai ruhuwa. Cibiya waje take, da kwabo anka danne ta. Kwanan hwarko bai tashi shan nono sai an mintsine shi, jikinai na ɓari. Hannun ga tun shina cikin zane ya hi ɗan'uwanai, ba gado na ba, ƙahwar ma haka, takalmin dama shi ka hwara matse shi. Gashin kuwa tun damana, na ga Inna na aske mai da reza bayan rumbu."

Da na fara na kasa tsayawa. Na faɗi watan da muryar ta buɗe, da yadda yake tashi neman ruwa, da yadda yake ɗingisawa in ya gaji. Shekara uku ina satar kallonsa ta ƙasan ido, ashe duk na tara. Likitar na rubutu, ta ɗaga kai ta ce a fasa allurar gobe, a bi sawun awon jinin a yau ɗin nan. Inna kuwa ta tattara zanenta ta fita. Na tona ta a gaban ɗanta da baƙi, na kuma nuna wa duniya ba ni da kunyar ɗan fari. Daga ranar ta daina yi mini magana, in na kawo abinci sai ta kau da kai.

Awon ya dawo ya gaskata likitar, sinadarin maza da ƙarin ke zubawa ya cika jinin yaron. Aka ce tiyata, amma sai an saukar da hawan jinin, sai an tanadi jini. Nan zan gode wa mahautan Bukkuyum, waɗanda suka yi ta shewar hannun dambe, su ne suka cika mota suka bi wannan muguwar hanyar suka miƙa hannuwansu aka ɗebi jininsu. Nan kuma zan yi kukana. Mun bi hannun ma'aikata da yawa daga Anka zuwa Sakkwato, babu wanda ya ce a tuɓe yaron nan a dube shi tun daga kai har ƙafa, kowa takarda yake kallo. Ba don Allah ya kawo babbar likitar nan ranar ba, ban san me zan rubuta yau ba.

Kafin a shiga da shi likitar ta kira ni da Sahabi. Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce yana iya tashi, yana iya ƙin tashi, kuma ko an ciro ƙarin an duba, a jikin yara ba kullum ake iya rantsuwa cewa daji ne ko ba daji ba. Aka tura gadon da sassafe. Muka zauna a baranda, ni can Inna can, kowa da carbinsa. Azahar ta wuce, la'asar ta gabato, duk wanda ya fito daga ɗakin tiyata da koren kaya sai in miƙe.

Da aka fito da shi ya yi fari fat, ga roba a hanci ga roba a ciki. Aka ce an ciro shi bai fashe ba. Amma yaro ya ƙi farkawa. Nas ta bubbuga kumatunsa, ta duba inji, ta ce mu yi masa magana. Inna ta sunkuya tana Maigidana, Maigidana, ko motsi. Sahabi ya ce Baba, ya juya baya. Nas ta fara duban ƙofa kamar za ta kira likita. Ta ce wai yaron ba shi da suna ne? A kira shi da sunansa mana.

Inna ba za ta iya ba, Sahabi ba zai iya ba. Na matsa na kama hannun nan na dama, karo na farko a gaban mutane tun da aka yaye shi, na kai bakina kunnensa. Sunan ya yi mini nauyi kamar ban taɓa jin sa ba.

"Usmanu. Usmanu, tashi."

Sai da na maimaita ban san iyaka ba sannan idanunsa suka motsa. Ya buɗe su da ƙyar, ya bi silin da kallo, ya wuce ni, ya tsaya a kan Inna. Da wata 'yar murya ya tambaye ta wa ke kiransa. Inna ta daɗe tana dubana, hawaye na bin tsagar fuskarta.

"Uwakka ta," ta ce. "Ita tah haihe ka. Amsa mata."

Yau muna gida. Sakamakon ƙarin ya fito, likitar ta ce ya fi kama da marar daji, amma ba ta cire mu daga ido ba. Yana shan wata ƙwaya kullum har ɗaya adirinar ta farfaɗo, an gargaɗe mu kada ta yanke ko da rana ɗaya. Duk wata uku sai an yi hoton ƙoda da hanta har ya yi wayo, don halittar na nan, wani ƙarin na iya fitowa. Wancan karon an tare hanya muka makara, na yi mako ban iya cin abinci ba. Hawan jinin ya sauka, ƙurajen sun baje, muryar dai ba ta koma ba, hannun kuma yana nan yadda yake, sai dai babu mai ɗaga shi a zaure yanzu.

Abin da zan ce wa 'yan'uwana mata shi ne, in kika haifi jariri ƙato mai babban harshe da turarriyar cibiya, ko wani sashen jikinsa ya fi wani, ki kai shi a duba tun yana lafiya. In yaro ƙarami ya fara abin balaga, kada a aske a rufe. In likita ya tambayi wadda ta haifa, ki miƙe ki amsa, ko gaban wa kike. Ina roƙon Allah ya saka wa duk wanda ya taimake mu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu.

Ni ke masa wanka yanzu, Inna ce da kanta ta miƙo mini soson. Kowace safiya ina shafa cikinsa a hankali ina neman abin da nake roƙon kada in samu. Matan unguwa na zunɗena in na leƙa zaure na ƙwala masa kira da sunansa, su ta shafa. Ya daina ce mini Adda. Amma har yau in na kira shi, sai ya ɗan waiga ɗakin Inna tukuna kafin ya amsa.